Abin da Kawu Bai Nuna wa Kamara Ba

Kawu ya rasu ranar wata Talata bayan sallar azahar, a kan bencin ƙofar shagonsa da ke Sabon Gari, ya jingina da bango kamar mai gyangyaɗi. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Ba ciwo, ba jinya, ba sallama. Mutumin da bai taɓa shiga wuri shiru ba, sai ga shi ya bar duniya ba wanda ya ji motsinsa.

Amma zaman makokin kam nasa ne sak. Na zauna makoki da yawa a Gusau, ban taɓa ganin inda liman ya yi ta gyaran murya don a rage dariya ba sai a na Kawu. Mutum zai shigo da fuskar jimami, ya durƙusa, a yi addu'a a shafa, ya ce ya haƙuri. Da ya samu wuri a tabarma sai ka ga kafaɗarsa ta fara rawa.

Wani dattijo mai sayar da hatsi, wanda ya taso tun daga Tsafe, shi ya fara.

"Allah shi jiƙan Mai Kamara," ya ce, don haka duk gari ke kiran Kawu. "Kaset ɗin bikin ɗiyata na nan gida. Wallahi in ka sa shi ba ka jin makaɗi, ba ka jin guɗa, sai muryatai. 'Ke mai jan kallabi, matsa can! Ango, rufe baki, ƙuda na shiga!'"

Tabarma ta kwashe da dariya. Wani ɗan Bungudu ya karɓe, ya ce shi fa faɗa suka yi da marigayi. Ya ɗauke shi ya zo ya ɗauki bikinsa, da aka kawo kaset sai ya tarar rabinsa ba ango ba amarya. Kawu ya juya kamara can gefe, inda tsohonsa ke ɓare goro yana miƙa wa tsohuwarsa rabi ba tare da ya dube ta ba.

"Na yi hushi sannan," ya ce. "Yanzu su duka sun rasu, kuma wurin nan kaɗai nika kallo."

Nan dariya ta ɗan lafa, aka yi ta cewa Allahu akbar.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, mai kabu-kabun unguwarmu, wanda ya daɗe yana kai wa Kawu abincin rana daga gida zuwa shago. Ranar Talatar ma ya kai. Da ya koma ɗaukar kwano sai ya tarar an taru a kan gawa. Kawu ya ci abincinsa, ya wanke kwanon, ya rufe, ya ɗaure shi a cikin ƙyallensa ya ajiye a gefen benci. Bayan mun dawo daga maƙabarta mai kabu-kabun ya miƙo mini shi hannu bibbiyu, ni kuma na shiga da shi cikin gida wurin Inna, matar Kawu. A hannunsu na tashi tun ina ƙarami, shi wan mahaifiyata ne.

Inna ta dubi kwanon, ba ta karɓa ba.

"Ka ji wani abu na motsi ciki?" ta ce.

Na girgiza shi a hankali kusa da kunnena. "Ban ji ba, Inna."

"Aza shi bisa kabad. Kada wanda ya kwance shi."

Mata sun cika ɗaki, kowa ya ɗauka zafin rasuwa ne. Ni na san abin da take tsoro. Inna tana tsoron ta buɗe ta tarar da kwanon nan fanko, in kuwa fanko ne, to Kawu ya tafi yana fushi da ita. Don ku gane yadda kwanon abinci ya kai ga haka, sai na ba ku labarin mutumin.

Kawu gajere ne, mai faɗin ƙirji, mai murya irin ta masu kiran fasinja a tasha. Sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna. Kamararsa irin babbar nan ce ta saɓawa a kafaɗa, kuma kafaɗar dama ta ɗan karkace saboda ita. Ba ya yarda kowa ya taɓa ta. Yana da taurin kai, yana da son a ce shi ya fi kowa sani, kuma bakinsa bai san hanyar ban haƙuri ba. In ya yi maka laifi sai dai ka ga ya sayo maka rake. A bayan shagonsa akwai wata 'yar bishiyar lalle da yake ba ruwan alwalarsa kullum. Ya yi faɗa da awaki a kanta, ya yi da mai waldan da ke maƙwabtaka da shi. Mukan zolaye shi mu ce, Kawu, namiji da shukar lalle? Sai ya ce don inuwa ya shuka ta. Bishiyar kuwa ko ƙirjinsa ba ta kai ba.

Kowa ya san a wurinmu in maƙwabci ya aiko maka da abinci ba ka mayar da kwano haka nan, kana ɗan sa wani abu. Kawu sai ya ɗauki wannan al'ada ya shigo da ita tsakaninsa da matarsa. Tun suna ango da amarya Inna take aika masa abincin rana a kwano ɗaya, fari mai jan baki, shi kuma bai mayar da shi sai da wani abu a ciki. Yau goro, gobe dabino, jibi aya ko alewa. Ranar da miya ta yi daɗi sosai, tsire ne a takarda. Ranar da gishiri ya yi yawa, sai ta tarar da barkono ƙwaya ɗaya tal, ta yi ta sababi ita kaɗai tana murmushi. A gabanmu ba ta kiran sunansa, shi ma ba ya zama ɗakinta da rana, hirarsu ba ta wuce ina buta, ina makulli. Amma da la'asar in ta ji tsayuwar babur a ƙofar gida, ko tana tsakiyar daka sai ta ajiye taɓarya.

Sau ɗaya kwanon ya taɓa dawowa fanko, tun kafin a kawo ni gidan. Sun yi wani saɓani, Kawu ya hau dokin zuciya ya mayar da shi ba komai. Inna ta buɗe, ta rufe, ta ɗauki mayafi, sai gidan iyayenta a Bungudu. Aka yi aike, aka tura manya, ta ce ba inda za ta. Ƙarshe Kawu ya ɗaure kwanon a bayan keke ya tafi da kansa. Ya aika mata da shi cikin gida, ya zauna a zaure yana zufa. Ba a jima ba ta fito da kayanta a ka. Duk dangi sun san wannan labari, amma ba wanda ya san abin da ke cikin kwanon.

To, shekarun nan da aka ba mu jiha, Gusau ta cika ta batse. Ma'aikata suka kwararo, gidajen haya suka yi wuya, babura suka yi yawa, kaset-kaset na finafinan Hausa suka fara shigowa daga Kano. Ni a lokacin tela ne, kuma muna da 'yar ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo, samari da 'yan mata kaɗan. Muka kalli kaset ɗaya, muka kalli biyu, jininmu ya hau. Muka ce wallahi mu ma sai mun yi namu, na soyayya, wanda za a kalla har Sakkwato. Na rubuta labari cikin ɗoki, na je na durƙusa gaban Kawu neman aron kamara.

"Aro?" ya ce. "Ka taɓa ganin an ari kahwaɗar mutum? In kuna so, ni da ita muka zuwa."

Haka muka samu mai ɗaukar hoto da ba mu nema ba.

Ranar farko muka cika ƙaramar bas muka nufi duwatsun Kwatarkwashi. Jaruminmu, ɗan goggona, ya sa baƙin gilashi da riga da wando masu sheƙi da na ɗinka masa da hannuna. Jarumarmu ƙanwar wani abokinmu ce, baƙa kyakkyawa, ta yi dambu da farar hoda har wuya don ta yi kama da matan finafinan Indiya. Tsarin shi ne ta ruga ta zagaya bishiya, shi ya bi ta yana waƙa, ta leƙo, ya dafa ƙirji ya ce yana sonta. Aka kunna rikoda. Ta ruga, ya bi ta, ƙaya ta kama masa wando. Wasu mata masu ɗauke da itace suka tsaya kallo, ɗaya ta yi dariya har itacenta ya zube.

Kawu ya sauke kamara daga kafaɗa.

"Ke," ya ce wa jarumar, "wa ya shafa miki garin rogo?"

Ya sa ta wanke fuska tas da ruwan buta. Ta yi ta ƙunƙuni, tana cewa za ta fito baƙa ƙirin ba a ganin komai sai haƙora. Ya ce ta bari rana ta yi sanyi. Da la'asar ta yi ya zaunar da ita a kan dutse, ya ciro babban tiren Inna na azurfa daga jakarsa, ya ba ni ya ce in tare hasken rana in mayar mata a fuska. Washegari muka taru a shago ya sa mana kaset ɗin. Jama'a! Fatar nan ta fito tana ƙyalli, sumul, idanunta kamar an wanke. Yarinyar ta dafe baki ta ce, "Ni ce wannan?" Tun daga ranar ba ta ƙara zuwa da hoda ba.

Wannan na yarda da shi nan take. Inda muka yi karo shi ne maganar zagaya bishiya. Na ce mutane waƙa suke so, suna so su ji saurayi ya buɗe baki ya ce ina sonki. In ba haka, ta ina za a san soyayya ake yi?

"Uwarka ta taɓa ce ma ubanka tana son shi gaban mutane?" ya ce.

"A'a."

"To kai daga ina ka hito?"

Abokaina suka fashe da dariya, ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce zamani ya canza, shi ya tsufa, bikin mutane kawai ya iya ɗauka. Ya ce ni kuma ko wandon kirki ban iya ɗinkawa ba, ga shi ƙaya ɗaya ta raba shi biyu. Na kwashi takarduna na fita. Muka yi kwanaki gida ɗaya, gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ran nan da rana ya aiko a kira ni shago. Na zo na tsaya ina cin magani. Mai kabu-kabu ya kawo kwano, Kawu ya ci, ya wanke, ya goge. Ya laluba aljihu ya ciro dabino, ya duba, ya mayar da wani ya zaɓi wanda ya fi laushi, ya sa a ciki, ya rufe, ya ɗaure ƙyallen da kyau. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Ga fim ɗinka nan," ya ce.

Abin da na tashi ina gani kullum, ban taɓa kawo shi kusa da kalmar soyayya ba. Ban koma wurin ɗinki ba ranar. Muka zauna ni da shi muna ta ƙulla labari muna katse juna, yana buga benci, ina buga cinya.

Ga abin da muka ƙulla. Wani saurayi ma'aikaci aka dawo da shi Gusau da aka yi sabuwar jiha. Amaryarsa malamar makaranta ce a Tsafe, tana son aikinta, ta ce ba za ta bari ba. Sai ya zama yana Gusau tana Tsafe, ba sa haɗuwa sai ƙarshen mako. Kullum takan ba wani direban bas kwanon abinci ya kai masa, ya dawo mata da shi da yamma da ɗan abu a ciki. Ita ma ba ta zauna jira kawai ba, wani lokaci takan tura masa nata a gefen tuwo. Sai abokai suka zuga shi, suka ce wane irin miji ne matarsa ke wani gari. Ya matsa mata ta bar aiki, ta ƙi, suka yi faɗa na gaske, irin wanda kowa ke da gaskiyarsa. Washegari kwano ya dawo mata fanko.

Mun yi wata da watanni muna wannan aiki, kuma ban taɓa jin daɗin wahala irin ta lokacin ba. Muka ɗauka a tashar Gusau cikin hayaniyar 'yan kamasho, muka ɗauka a wani gida a Tsafe, muka ɗauka a bakin gulbi a Bungudu. Kawu ya hana jarumin taɓa ko gefen mayafin jarumar. Ya ce, "Ka dube ta lokacin da ba ta dubanka, shi ke nan." Ni ma na ci nawa wasan, don na nace sai an sa waƙa, har ya gaji ya yarda da guda ɗaya, wadda matar ke yi ƙasa-ƙasa tana tuƙa tuwo. Daga baya waƙar nan ta shiga bakin 'yan mata, Kawu kuma ya riƙa gaya wa mutane shi ya kawo shawarar. Bakinsa kuwa bai mutu ba a bayan kamara. Har yau in ka sa kaset ɗin, a wurin da ya fi ko'ina ban tausayi, za ka ji wata murya daga gefe tana cewa, "Kai, kore akuyar nan!"

Da muka zo ƙarshen labari, mijin ya gane kurensa, ya ɗauko kwano da kansa ya kawo Tsafe, ya aika da shi ciki. Sai tambaya ta taso, me za mu sa a kwanon? Wani ya ce zobe, wani ya ce makullin gida. Na matsa kusa da Kawu na rage murya.

"Kawu, ranar da ka je biko Bungudu, me ka sa?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wanga ba na kamara ba na."

Na yi magiya, na yi zolaya, ko gezau. Ya durƙusa da kamara a gaban jarumar, ya saita ta a kan fuskarta kaɗai, yadda murfin zai kare cikin kwanon. Bai gaya mata abin da ya sa ba. Ta ɗaga murfi, ta zabura, ta yi wata 'yar dariya, idanunta suka kawo ruwa, ta rufe a hankali. Nan fim ya ƙare. Ɗan tsako ne ya saka mata, mai rai, yana ta ƙifta ido. Wannan sirrin kam na tona shi yau, Kawu ya yafe mini.

Ranar da aka fara nuna shi a wani gidan kallo a Tsafe, da rana tsaka, janareta na ta ƙara, na tsaya can baya. Ba rawa, ba gilashi, ba bishiya. Na ce yau za a jefe mu. Sai na ji ɗaki ya yi tsit. Da kwano ya dawo fanko wani ƙato a gaba ya miƙe ya nuna talabijin ya ce, "Amma kai an yi sakarai!" Da aka kai ƙarshe wuri ya kaure. Wannan na cewa zinariya ce, wancan na cewa takardar canjin wurin aiki ce, wani tsoho ya ce su duka yara ne, ba su san aure ba. Suka ce a mayar baya a sake. Kawu yana bakin ƙofa ya harɗe hannu, yana ta hura hanci kamar shi ya gina Tsafe.

Wani ɗan kasuwa daga Bilbis ya kwashi kaset ya tafi da su ƙauyuka. A Gusau masu dabino suka ce magidanta sun dame su da sayen ɗan kaɗan-kaɗan da rana. Mai kabu-kabunmu ya ce yanzu duk kwanon da ya ɗauko sai ya ji yana ƙwal-ƙwal a bayan babur. Wata mata ta tare ni a hanya ta ce, ku ne kuka yi fim ɗin kwano? Allah ya yi muku albarka, na ga kaina a ciki. Mun yi murna, mun yi fahari, har mun fara maganar na biyu.

Ba wanda ya tuna da Inna a cikinmu.

Kaset ya isa Bungudu, garinsu. Can kuwa ba a buƙatar a yi wa kowa bayani. Mata suka riƙa aiko mata da gaisuwa, a gai da amaryar kwano. A wurin wani suna aka yi mata guɗa. Ranar Litinin ta shiga gidan Hajiya maƙwabciyarmu ta ce a sa mata abin nan ta gani. Ta zauna ta kalla har zuwa inda kwano ya dawo fanko. Nan ta miƙe ta gyara mayafi ta fita.

Da safiyar Talata ina zaure ina ɗaure takalmi na ji muryarta, ita da ba ta ɗaga murya.

"Abin da ke tsakanina da kai shekara da shekaru, shi ka ɗauka ka kai kasuwa? Har yara na nuna ni?"

Maimakon ya ba ta haƙuri, Kawu sai ya ɗauko wasa. Ya ce ai ta gode Allah, ya mai da ita tauraruwa.

"To riƙe tsarabarka," ta ce. "Daga yau kada ka ƙara sa mani komi cikin kwano. Ka ji na hwaɗa maka."

Ya fito ya wuce ni fuska a ɗaure, ya saɓi kamara ya tafi. Duk da haka da rana ta yi Inna ta tuƙa tuwo, ta yi miyar kuka irin wadda yake so, ta ba mai kabu-kabu. Maganar da ta yi da safen nan ita ce ta ƙarshe tsakaninsu. Ita ta ce kada ya sa komai, shi kuma mutum ne mai zuciya. Shi ya sa kwanon ya zauna a bisa kabad har aka yi sadakar bakwai, tana kwana tana tashi a ƙarƙashinsa, ba ta iya cin abin kirki.

Da baƙi suka watse na shiga gaishe ta da hantsi. Hajiya maƙwabciya na gefenta. Inna ta rame, idanunta sun faɗa. Bayan mun gaisa ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Ƙarshen abin naku, da ya kai mata kwanon. Ya nuna abin da ke ciki?"

Sai a lokacin na gane ba ta ga ƙarshen ba, kuma na gane abin da ya fi ƙona mata rai. Ta ɗauka har abin da ya sa mata ranar biko ya kai kasuwa.

"Bai nuna ba, Inna. Fuskarta kawai ya ɗauka. Na tambaye shi, na roƙe shi, ya ce wannan ba na kamara ba ne."

Ta ɗago. "Ko kai bai hwaɗa maka ba?"

"Ko ni."

Ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Sannan ta ce in sauko mata da shi. Ta kwance ƙullin nan na Kawu, wanda ya ɗaure tamau kamar kullum. Ta yi bisimilla ta ɗaga murfin, ya kare mana cikin kwanon, fuskarta kawai muke gani. Ta zabura. Ta yi wata 'yar dariya da rabon in ji irinta tun ina yaro. Sai hawaye, shar-shar, tana dariya tana kuka tana girgiza kai.

"Ja'irin tsoho," ta ce. "Ja'irin tsoho mai taurin kai."

Hajiya ta miƙa wuya. "Mi na ciki? Ke, mi na ciki?"

Inna ta rufe kwanon ta rungume. "Shi bai nuna ma kamaratai ba, ni zan nuna miki?"

Muka yi dariya mu uku har Hajiya ta shaƙe. Ranar Inna ta ci tuwo ta nemi ƙari.

Na rubuta wannan ne don kada a manta da shi, don masu yin fim da za su zo bayanmu su san an yi wani gajeren mutum a Sabon Gari da ya yarda fatarmu ta isa kallo, kuma irin son da muke yi wa juna ya isa labari. Ina kewarsa ƙwarai. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa kamar yadda ya haskaka fuskokinmu, ya sa ya tarar da alheri a inda ya je.

Ranar da Inna ta fita takaba na je gaishe ta. Na tarar da ita a tsakar gida cikin sabon zane, ta baje hannuwa a kan gwiwa. Tafukan nan sun sha lalle, ja wur har yatsu, ita da ta yi shekaru ba ta ƙunshi.

"Abin da ke cikin kwanon ganyen lalle na, ƙunshe cikin ƙyalle," ta ce tun ban tambaya ba. "Na bayan shago. Ranar da na hwara aika mai abinci ba shi da ko goro, sai ya tsinko lalle bakin wata gona ya sa. Irin shi ya kai mani Bungudu ranar biko. Bakinai bai iya ban haƙuri ba, ganyen ga shi na ban haƙurinai."

Na ce, "Inna, in rubuta har da wannan?"

"Rubuta. Shi don kunyata ya ɓoye. Ni kau ina so a san irin mutumen da na aura."

Ta juya hannuwan a cikin hasken rana tana dubansu. Sannan ta ɗaga kai ta nuna ɗakin Kawu da haɓa.

"Tashi ɗauko kamarar nan tashi," ta ce. "Wanga na kamara na."